Kwikwiyar da Zulai Ta Raɗa wa Habaici

Sau biyu awaki suka shiga garkar Zulai bara, sau biyun kuma suka bar mata ƙasa fayau. Na farko salati suka share, na biyu suka haɗa da shu, wato kabeji, da ganyen albasa. Garkar ta mahaifinta ce, Malam Isma'ila, tana bakin tabkin Madarumfa, shinge ɗaya ya raba ta da ta wanta Hamza. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke dafa wa tsohon, ita ke yi masa wanki, shi ya sa ya yanka mata wannan ɓangaren ya ce ta riƙa juyawa. To amma mai kula da tsoho ba ta yini a garka. Da rana ta take sai ta koma gida ta ba shi abinci da magani, awakin gari kuwa kamar agogo gare su.

Bayan kaka Hamza ya kai magana gaban mahaifinsu.

"Baba, ƙasar nan asararta ake yi. A haɗe mani ita da tawa, in ya so abin da aka samu in riƙa ba ta nata."

"Ba ni son nawa daga hannunka, Yaya," in ji Zulai. "Hannuna bai gutsure ba."

Malam Isma'ila ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gaji da wannan zance. Ya ce, "Zulai, ki sake gwadawa bana. In dabba ta sake ci miki shuka kafin ki cire albasa, garka ta koma hannun wanki. Kada wanda ya sake tada mani maganar."

Hamza na sa takalmi ya yi wata ƴar dariya ƙasa-ƙasa. "Mace da garka. To, mu zuba ido."

Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Dariyar nan ce ta hau da ita kabu-kabu washegari har garin Gabi, gidan Mahaman mafarauci, wanda ta ji labarin karyarsa ta haihu. Ya fito mata da kwikwiya ja mai farin ƙirji, sati shida da haihuwa, cikinta tumbur, ƙafafunta sun yi mata yawa. Zulai ba ta taɓa riƙe kare ba a rayuwarta. Ta shimfiɗa tsohon buhu cikin kwali, ta ce shi ya saka mata ita da hannunsa.

"Wane suna za ki sa mata?" Mahaman ya tambaya.

Ai tun kan hanya ta gama wannan shawara. A ƙasar nan sunan kare saƙo ne. Wanda ke da magana a ciki, ba shi kuma son a ce ya yi faɗa, sai ya raɗa wa karensa, kullum ya kira shi wanda ake nufi ya ji.

"Ta-fi-ka," in ji Zulai.

Mahaman ya ɗaga gira. "Da wa ake?"

"Mai shi ya san kansa."

Ta kafa mata ƴar rumfa gindin mangwaro a tsakiyar garka, ta ware mata kasko ɗaya na ruwa, ɗaya na abinci, ta ajiye su nesa da butar alwala. Da safe kunun gero mai ɗumi, da rana ƙanzon tuwo da ta jiƙa, wani lokaci kan kifi da masunta suka yar. Ta kai ta wajen likitan dabbobi aka yi mata allura. Matan unguwa suka yi ta magana. Wata ta ce mace mai salla mi ya haɗa ta da kare, wata ta ce ita dai ta daina sayen salatin da kare ya shinshina. Zulai ta ce malamai ma sun yarda da karen gadin gona, salati kuwa kowa wanke nasa yake kafin ya ci, wadda ba ta wankewa wannan tsakaninta da cikinta ne.

Satin farko abin ya yi daɗi. Kwikwiyar na bin dugaduganta fangali zuwa fangali, tana cizon bakin zaninta, Zulai na janyewa tana cewa a'a. Ta koya mata kada ta lashi tufa, kada ta taka tabarmar salla. Duk lokacin da kwikwiyar ta nufo tabarma sai ta tura ta baya da ƙafa a hankali, sau goma, sau ashirin, har ta gane ta riƙa kwanciya can gefe tana kallo. Kai, abin nan akwai wayo.

Sunan ne kawai ya ƙi shiga. Kuma gaskiya Zulai ba kwikwiyar take kira ba. Sai ta ga hular Hamza ta bayyana bayan shinge, sannan za ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta juya fuska wajen garkarsa, ta buɗe murya har masunta na ji daga cikin jirgi.

"Ta-fi-ka! Ke Ta-fi-ka!"

Hamza ba ya ɗagowa. Amma ta ga yadda fartanyarsa ke ƙara sauri, wannan kuwa ya ishe ta jin daɗin yini guda.

A sati na biyu kwikwiyar ta fara yawo, tana kutsawa ta ƙasan shinge zuwa cikin tumatin Hamza. A sati na uku ta zama wata iri. Da Zulai ta kira ta, sai ta matse wutsiya ta ruga ƙarƙashin rumfa, ta lafe tana leƙe. A sake kira, ta ƙara shigewa. Mai sayen salati ta shigo, ta ɓoye. Jaki ya wuce da amalanke, ta ɓoye. Ran nan wata ƴar akuya da ba ta ma kai ta girma ba ta leƙo ta ƙofa, mai gadin garka ta yi fitsari a tsaye.

Zulai ta zauna kan bokiti ta dubi albasarta da ta fara tsayawa kore shar, ta dubi abin da ta ɗauko don ya tsare ta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har da tsoro a ciki. Ta aika wa Mahaman cewa ya ba ta kurma, matsoraciya, ya zo ya ɗauki abarsa.

Ran kasuwa ya biyo. Ya tsuguna gindin mangwaro, ya miƙa bayan hannunsa, kwikwiyar ta fito tana rarrafe ta shinshina.

"Kira ta in ji."

Zulai ta juya wajen shinge kamar yadda ta saba. "Ta-fi-ka!"

Fit, kwikwiya ta shige rumfa.

Mahaman ya lallashe ta ta sake fitowa. Ya bari ta saki jiki, sannan ya ce a hankali, ko hannu bai ɗaga ba, "Tafi."

Fit, ta sake shigewa.

Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, har hularsa ta faɗi. Zulai na tsaye tana jin kamar ta kwaɗa masa bokiti.

"Baiwar Allah," ya ce yana share hawaye, "mi mutane ke ce wa kare in sun gan shi?"

Bai jira amsarta ba.

"Tafi suke cewa, su bi shi da jifan hoge. Wancan maƙwabcin naki, in ta shiga tumatinsa, mi yake ce mata? Ke kuma ki zo ki tsaya kanta da muryar faɗa ki ce ta-fi-ka. Ita ina ruwanta da wanda aka fi? Abin da ta ji, uwar ɗakinta ma korar ta take, kullum, sau ashirin. Wannan ba kurma ba ce. Ta fi ki jin magana."

Kunya ta rufe Zulai tun daga kai har ƙafa. Sati uku tana jifan wanta da magana, ashe kan ƴar abin nan duk yake sauka. Ta dubi idanun da ke leƙowa daga rumfa, tausayi ya kama ta, ta ji haushin kanta.

"Yanzu ta lalace ke nan?"

"Da saura. Amma ki yi sauri, abin da kare ya koya a watanninsa na fari shi yake tsufa da shi. Ki sake suna. Ki bar ta ta san mutane, kowa ya zo ya jefa mata ɗan abu. Wanda ke jifanta kuma ya daina, in ba haka ba ko dai ta tashi matsoraciya ko ta tashi mai cizo."

Sake suna na nufin sauke habaici, kowa kuma zai lura. Ta kwana biyu tana juya abin. A rana ta uku ta ajiye kaskon kunu ta ce, kamar yadda take cewa kullum ba tare da tunani ba, "Ungo." Kwikwiyar ta fito a guje, kunnuwa na lilo. Zulai ta tsaya. Ta matsa can wajen rijiya, hannunta wayam, ta ce, "Ungo." Sai ga ta ta taho har tana tuntuɓe.

Shi ke nan, suna ya samu. Daga Ta-fi-ka an koma Ungo, sunan da ko kaza ba za ta yi alfahari da shi ba.

Ta ɗaura ƙanzo a bakin zani ta shiga aiki. Ta kira daga taku uku, ta ba ta. Daga taku goma, ta ba ta. Daga bayan mangwaro, daga bakin tabki, tana ban-ruwa, tana cire ciyawa. Ba ta sake kiranta da faɗa ba ko da ta tone mata irin karoti, sai dai ta cije leɓe ta je ta ɗauke ta. Matan da ke zuwa sarin salati da safe kowace sai an danƙa mata ɗan ƙanzo ta jefa. Wasu suka jefa suna tsaki, wata Binta kuwa har ta riƙa zuwa da nata daga gida. Zulai ta ɗaura wa Ungo igiya ta kai ta bakin hanya, suka zauna suna kallon amalanke da babura da shanu masu zuwa shan ruwa, har Ungo ta daina rawar jiki ta fara hamma.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ta tsaya bakin shinge da safe, ta yi sallama kamar baƙuwa.

"Yaya, ina kwana. Alfarma na zo nema."

Hamza ya ɗago daga cikin tumati. "Ikon Allah. Yau kuma?"

"Ka daina jifanta. In ta shigo maka, ka kira ni in ɗauke ta. Ga wannan kuma, ka jefa mata da hannunka, ta san kai na gida ne."

Ya dubi ƙanzon, ya dube ta. "Na ji kwana biyu kina ta ungo, ungo. Har na leƙo na ɗauka wani abu za a ba ni. Ina wancan sunan mai daɗi?"

"Na sake."

"Af! Ashe ba ta fi ni ba?"

Maganganu bakwai suka zo mata baki, kowace ta fi ƴar'uwarta kaifi. Ta haɗiye su duka.

"Yaya, ni garkata nake so."

Ya matso bakin shinge. Sannan ya karɓi ƙanzon da yatsu biyu ya cilla ta saman shinge, ya goge hannu a riga kamar ya taɓa wani abu. Bai yi alkawari ba. Amma daga ranar ba ta sake jin faɗuwar hoge ba.

Sai karatun awaki. Kullum da hantsi Zulai na zagaya shinge da Ungo a igiya. In garken gari ya matso, sai ta nuna su ta buga ƙafa ta ce, "Kore su!" ta ruga da kanta tana kaɗa zani. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya tana tsere da awaki, masunta suka samu abin kallo kyauta. Ranar farko Ungo bayanta ta ɓoye. Rana ta biyar ta yi wani ɗan haushi siriri da ya ba ita kanta mamaki. Kafin wata ya cika, da ta hango kunnen akuya gashin bayanta ke tashi. Abin da bai zauna ba shi ne tsayawa. In ta fara kora ba ta san iyaka ba, sai an kira ta.

Saura kwana goma sha biyu a cire albasa. Ganye ya fara kwanciya, kawuna sun fasa ƙasa. Ranar Talata Zulai ta koma gida da azahar, ta tarar tsohon ya zubar da kunu a jikinsa, sai da ta sake masa riga ta dama wani. Ta makara. Tana kan hanyar dawowa, tun daga wajen masu gyaran taru, ta jiyo haushin Ungo, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta zuba da gudu.

Wani ƙaton bunsuru ya ture ƙayar kusurwar shinge, awaki sun fi goma sun biyo shi. Sun sauka kan fangalin salati na bakin shinge. Ungo, da ba ta kai gwiwar mutum ba, ta shiga tsakiyarsu tana haushi tana kai cizo a ƙafa, bunsurun ya kai mata karo ta goce ta dawo. Awakin suka ruɗe. Maimakon su koma ta inda suka shigo, sai suka yi kan shingen tsakiya, suka tattake shi, suka afka cikin tumatin Hamza. Ungo ta bi su.

Wayyo tumati! Ya nuna jawur, an ɗaure shi a kirare layi-layi. Awaki na gudu, kwikwiya na bin su, kirare na karyewa. Hamza ya taso daga inda yake gyaran injin ban-ruwa, ya suri fartanya, idonsa ya rufe. Ba akuya ya nufa ba. Ungo ce ta gifta gabansa, ya ɗaga fartanyar sama da hannu biyu.

Zulai na bakin shinge, numfashi ya ƙare mata. Ihu ne ya taso mata, irin na da, mai faɗa. Ta danne shi. Ta durƙusa ƙasa, ta miƙa hannu, ta kira da muryar da take ajiye kaskon kunu.

"Ungo. Ungo, zo."

Kwikwiyar ta ja birki har ƙasa ta tashi. Ta waiwayi awaki, ta waiwayi Zulai. Sannan ta juyo a guje, ta bi ta ƙarƙashin hannun Hamza, ta faɗo jikin uwar ɗakinta tana haki. Fartanyar ta sauka kan ƙasa.

Zulai ta ɗaure ta a mangwaro, ta tsallaka ta taya wanta kora. Suka yi ta kaɗa awakin waje. Da suka fitar da ta ƙarshe suka tsaya suna duba ɓarna. Layi huɗu na tumati sun kwanta. A nata ɓangaren albasa ko ganye ba a taɓa ba, amma rabin fangalin salati ya tafi, ga guntayen nan a ƙasa kowa na gani.

Da la'asar suka zauna gaban Malam Isma'ila. Labari ya riga su isowa.

"An ce awaki sun shiga," in ji tsohon. "Zulai, sun ci miki shuka?"

Tana iya cewa albasa lafiya lau, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta dubi tabarma. Wata uku na ƙanzo da igiya da gudu, ga shi zai tafi a kan rabin fangali.

"Sun ci, Baba. Rabin fangalin salati."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "To. Magana na riga na yi ta. Hamza, garka ta zama..."

"Ba ni so," in ji Hamza.

Duka suka dube shi. Fuskarsa a murtuke take, yana kallon bango.

"Ina cikin garkata, da fartanya a hannuna, ni namiji, aka kwantar mani da layi huɗu. Ita tana gida tana ba ka kunu, aka ci mata rabin fangali. In don ɓarnar akuya ake karɓe garka, Baba, tawa za a fara karɓewa."

"Karyata ce ta koro maka su, Yaya," in ji Zulai.

"Na sani, ai ina wurin. Na kuma ga kin kira ta sau ɗaya ta bar kora ta zo. Ni ƴaƴan da na haifa sai na kira sau uku." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "A bar mata abinta."

Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kuka ranar da awaki suka share ta bara ba, ba ta yi ba ranar da aka yi mata dariya, yau kuwa ya ƙwace mata, tana jin daɗi tana jin nauyin wanta lokaci guda. Malam Isma'ila ya ce su tashi su ba shi wuri, sun cika masa kunne.

A bakin ƙofa Hamza ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe da sassafe ki zo da kirare da igiya. Ke za ki tada mani tumatin nan, layi huɗu, ba ni taya ki."

"To, Yaya."

"Ki zo da ita ma. A zagaya da ita tawa garkar, ta san nan ma ba a shiga."